Mudun Matan Kasuwa

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen watan Sha'aban, shekarar da nake aji biyar na firamare, Umma ta kama hannuna muka fice daga gida ba tare da mun yi wa Baba sallama ba. Rana ba ta gama ɗagowa ba amma zafi ya riga ya sauka, irin zafin bazarar Kano da ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa kaɗan. Umma ta goya ƙanwata Ummi, ta naɗe wani tsohon buhu ta cusa a ƙarƙashin mayafi. Muka bi ta lungunan Fagge muna tsallake kwatoci har muka isa ƙofar gidan wani attajiri da aka ce zai raba hatsin azumi. Ban taɓa ganin mata masu yawa a wuri ɗaya kamar ranar ba. Layi ya miƙe ya karya kwana, ya sake karyawa, amma ana buɗe ƙaramar ƙofa sai ya watse ya koma turereniya. Aka matse ni a tsakanin manya, hancina a cikin zanen wata mata mai warin hayaƙi, Ummi tana tsala ihu, wasu samari a kan katanga suna ɗaga dorina suna cewa a ja da baya. Wata tsohuwa ta faɗi a gabanmu, Umma ta sake ni ta sunkuya ɗaga ta, kafin ta ɗago an ture mu can gefe. Ana kiran azahar aka rufe ƙofa, wani ya leƙo ya ce kaya sun ƙare, a yi haƙuri. Muka juyo da buhunmu a naɗe yadda muka fita da shi, Umma da takalmi ƙafa ɗaya, mayafinta a yage. Magana ɗaya ta yi mini a hanya: "Balaraba, kada ki kuskura Babanku ya ji inda muka je."

Mu ba masu hali ba ne, amma kafin wannan shekarar ban san ana kwana da yunwa a gidanmu ba. Baba tela ne, yana da kekensa a wani shago da suke haɗaka da abokansa a bakin titi, ya kuma yi suna wajen aikin wuyan riga. Muna zaune a gidan haya, ciki da falo, mu da wasu iyalai uku, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya da kullum ake rigima a kanta. Aikina da safe shara da wanke-wanke, da yamma kai niƙa da hura gawayi, in na gama mu baje a zaure da 'yan matan gidan muna carafke da 'yar gala-gala har a kira magariba. Ranar Juma'a kuwa ni da ƙanena Nura ba ma nisa da ƙofa, don mun san Baba zai shigo da ledar gurasa da tsire. To a cikin watan Rajab wani ɗan acaɓa ya kwashe shi a mahaɗar Bata yana tsallaka titi da ƙunshin yadi, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Aka kai shi wajen mai ɗori, ɗorin bai kama daidai ba, sai da aka sake ɓalla shi aka ɗora. Ga azumi ya matso, lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe gidansa har bayan Sallah. Aka ɗauko kekensa daga shago aka ajiye a falo aka lulluɓe da zani. Masu ɗinki suka riƙa zuwa, su yi sannu, su yi addu'a, sannan su sunkuyar da kai su ce ko za a ba su shaddarsu. Ina kallo tulin yadin da ke kan kujera yana raguwa har kujerar ta fito fili.

Abinci bai ɗauke lokaci ɗaya ba, janyewa ya yi a hankali. Nama ne ya fara tafiya, sai kifi ya bi shi, sai miyar ta yi ta tsinkewa har kana hango gindin kwano ta cikinta. Shinkafa ta zama ta ranar Juma'a, daga baya ta daina zuwa ko ranar Juma'ar. Ƙanzon da a da Umma ke tarawa tana ba mai kiwon awaki, shi ta koma jiƙawa tana yi mana kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Kawuna ya kawo masara sau ɗaya daga ƙauye, ya ce shi ma damina ba ta yi masa kyau ba. Maƙwabtanmu na cikin gida suna aiko mana da ɗauki kamar yadda aka saba, amma su ma lallaɓawa suke yi, kuma abin da ya fi damun Umma shi ne mayar da kwano wayam. Sai ta wanke shi ta ajiye, ta ɗauka ta sake ajiyewa, daga ƙarshe ta ce in faki ido in kife musu a bakin ƙofa.

Abin da na fi tunawa game da yunwa shi ne ba ta barin mutum ya zauna. A aji ƙafata ba ta daina karkaɗawa, in tauna bayan biro, in nemi izinin fita shan ruwa, in dawo in sake nema, har malamarmu ta ce ko ƙaiƙayi ne a bencina. Lokacin tara, in yara suka ruga wajen masu ɗanwake da awara, ni sai in zagaya bayan azuzuwa in yi ta tafiya ina ƙirga tagogi, don kada ƙawata ta ce in zo mu ci, gobe kuma ta ga ba ni da abin da zan ce ta zo mu ci. A gida Baba ma haka yake. Mutumin da ya saba wuni a kan keke, sai ga shi da hannu a rataye a wuya, daga falo zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci, ya dawo ya ɗaga zanen da ke kan keken ya duba ya mayar. Ya zama mai saurin faɗa, ko cokali ne ya faɗi sai ya yi magana. Amma in wani ya tambaye shi gida, amsarsa ba ta canjawa: "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri."

Da azumi ya kama, ni rabin yini nake yi, don Umma ta ce ƙarfina bai kai ba. Sai na tsiri wata ɗabi'a, in an tashe mu daga makaranta ba na wucewa gida, sai in tsallaka titi in shiga Kasuwar Sabon Gari in yi ta yawo a layin 'yan kayan abinci. Ba na taɓa komai, kallo kawai nake yi, buhunan shinkafa a bubbuɗe, doya a jere, tattasai da attaruhu an kasa, ƙamshin busasshen kifi yana bin mutum. A wannan layin rumfar Maman Ngozi take. Inyamura ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwa. Tana sayar da manja da garin kwaki da agushi, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. A wajenta Umma ke yin cefane shekara da shekaru, Baba kuma shi ke ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta da na Kirsimeti. 'Yarta Ngozi sa'ata ce, in an aike ni mukan ɗan yi wasa a bayan rumfar kafin a ɗaure mini kaya. Tun da abubuwa suka tsaya na daina bi ta gabansu, sai ranar nan Ngozi ta hango ni ta ƙwala mini kira. Na tarar za su ci abinci, shinkafa da miya da kifi. Maman Ngozi ta tambaye ni ko ina azumi, na ce na sha tun azahar, ta miƙo mini cokali. Na yi niyyar in ci a hankali, hannuna ne ya ƙi. Da na kai kan kifin sai na yagi takarda na naɗe shi na sa a aljihun jaka saboda Nura. Ashe Maman Ngozi tana kallona. Ta ce, "Ina Malam Tela? Kwana biyu ban ga kowa daga gidanku ba." Na gaya mata hannunsa ya karye. Ta ce tun yaushe, na faɗa mata. Sai ta ce, "Yau da me kuka yi sahur?" Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar jakata. 

Washegari da la'asar mai baro ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce saƙo ne daga kasuwa. Buhu ne guda, a cikinsa an ƙulla shinkafa daban, wake daban, gero da garin kwaki da sukari, ga galan ɗin manja a gefe. Yaran layi suka taru suna leƙe, matan gida suka fito bakin ƙofofinsu. Umma ta tsaya a kan buhun ta rasa abin yi, ta kai hannu ta janye, sannan kamar wadda aka tsikara ta ce in hura wuta maza. Garau-garau ta dafa, da mai da yaji. Baba yana wajen tafsiri, bai shigo ba sai dab da shan ruwa. Tun daga zaure ƙamshi ya tare shi. Ya tambayi daga ina, Umma ta gaya masa. Ya dubi buhun ya ce, "Matar da ke fama da marayu huɗu ita za ta ciyar da gidana ina raye? Har a baro, duk unguwa na kallo?" Umma ta ce, "Malam, dubi yaran nan." Bai dube mu ba. Ya sha ruwa da dabino ya koma masallaci, mu kuwa muka ci muka ƙoshi, amma kowa a tsorace.

Da gari ya waye ya ce Umma ta ɗaure bakin buhun. Ta yi magiya, ta yi kuka, bai saurare ta ba. Ya sa wani maƙwabci ya ɗora masa a kafaɗar hagu, ya ce in ɗauki galan ɗin in bi shi. Wannan tafiya daga Fagge zuwa kasuwa ba ta da nisa, na yi ta ba adadi, amma ranar ji na yi ba za ta ƙare ba. Mutum mai azumi, da hannu ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga, in ya yi 'yar tafiya sai ya jingina buhun da katanga ya huta. Masu kurar ɗaukar kaya suna yi masa tayi yana girgiza kai. Ni kuwa ina biye, manja yana yoyo a yatsuna, idona a kan buhun. A zuciyata addu'a nake yi Allah ya sa ya gaji ya juya, ko a ce mun tarar ba ta fito kasuwa ba. Na tuna Nura da ya tashi da safe yana tambaya ko yau ma shinkafa za a yi.

Muka same ta tana auna wa wata mata gari. Baba ya sauke buhun a gabanta yana haki, ya gaishe ta, ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri, amma ba zai iya karɓa ba, ita ma tana da nata nauyin. Maman Ngozi ta sallami mai sayen gari, ta goge hannu a zaninta, ta ce, "Malam Tela, ai ba wajena za ka mayar ba, don ba nawa ba ne. Zo ka gani." Ta kai mu bayan rumfuna, wani ɗan ɗaki da suke ajiyar kaya. A ciki akwai manyan robobi masu murfi, kowace da abin da ke cikinta. Ta ce duk ranar Asabar kowace mace a layin nan tana zuba mudu ɗaya na abin da take sayarwa, mai gero gero, mai wake wake, ita kuma manja da gari. In an ji wani gida da aka sani ya shiga matsi, sai a ɗiba a aika, ba a tambayar masallaci yake zuwa ko coci. Ta ce, "Shekarar da Baban Ngozi ya rasu, daga robobin nan yarana suka ci har na tsaya da ƙafata. Ni ma da farko dawo da buhun na yi, kamar kai. Tambayi Hajiya abin da ta yi mini."

Hajiyar da take nufi wata dattijuwa ce mai sayar da gero, Hajiya Ladi, ta riga ta taso ta biyo mu da carbinta a hannu. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce, "Malam, kai ka ga za ka iya jurewa, to jure. Amma cikin yarinyar nan ba naka ba ne, nata ne. Dubi wuyanta." A nan ne Baba ya juyo ya dube ni, irin duban da ya daɗe bai yi mini ba, tun daga kai har ƙafa. Ban san me ya gani ba. Na dai ga ya nemi benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Hayaniyar kasuwa tana ta tashi a waje. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, shi bai saba karɓa bai bayar ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai baron nan ne da ya tsaya a ƙofarsa. Maman Ngozi ta ce wannan gaskiya ne, akwai gidajen da suka ƙi karɓa saboda haka, su kuma ba su da wata dabara. Baba ya yi ɗan tunani, ya ce da za a sami jakunkuna na yadi, irin waɗanda kowa ke riƙowa daga cefane, yaro ma zai iya ɗauka kaɗan-kaɗan ba wanda zai san me ke ciki, kuma ƙyallaye ga su nan telolin Fagge suna zubarwa. Sai ya dubi hannunsa ya yi tsaki. Maman Ngozi ta ce, "Hannun Maman Balaraba lafiyarsa ƙalau."

Mai baro ne dai ya dawo mana da buhun, amma Baba ya sa ya tsaya a bakin lungu, muka riƙa shiga da kayan ƙulli-ƙulli. A ranar aka yaye zanen da ke kan keke. Umma ba ta taɓa hawa keken ɗinki ba a rayuwarta, Baba kuma bai iya koyarwa cikin sanyi ba. Yana tsaye a kanta yana cewa ta taka a hankali, ta riƙe yadin, ba haka ba, ita kuma ƙafarta ta ƙi daidaita, keken ya riƙa komawa baya, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye. Da ta karya ta uku sai ta miƙe ta ce ya zo ya ɗinka da ƙafarsa tun da shi gwani ne. Muka yi tsit muna jiran faɗa, sai muka ji Baba ya tuntsire da dariya, dariyar da rabonmu da ita tun kafin ya karye. Ni da Nura aka ba mu aikin tattaro ƙyallaye. In mun taso daga makaranta sai mu bi shagunan abokan Baba da buhu, wani lokaci har Kantin Kwari wajen masu yanka yadi, mu dawo mu baje a falo muna ware atamfa daban, shadda daban. Jakunkunan farko karkatattu ne, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma Hajiya Ladi ta jujjuya su ta ce ai ba gasar kyau za a kai su ba. Daga nan duk Asabar ni ke zuwa kasuwa, in kai sababbin jakunkuna, in dawo da guda ɗaya cike, ina tafe ina lilo da ita kamar kowace yarinya da aka aika cefane. Wani lokaci nakan hangi irin jakarmu a hannun wani yaro a Sabon Gari ko a lungunan Fagge, in gane ƙyallen da na tsinto da hannuna, shi ya wuce ni in wuce shi, ba wanda ya ce da wani komai.

Sallar shekarar ba mu yi sabon yadi ba. Umma ta haɗa mini riga da ragowar atamfa kala biyu, wuyan ya ɗan karkace, na sa abata na je yawon Sallah har gidan su Ngozi na kai musu tuwo da miyar taushe. Hannun Baba bai saku ba sai bayan Babbar Sallah, kuma bai koma kamar da ba, aikin wuya mai ƙananan zare ya gagare shi har ƙarshen rayuwarsa, sai ɗinki na yau da kullum. Umma ce ba ta sauka daga keke ba. Matan gida suka fara kawo mata gyara, sannan na maƙwabta, har ta sayi nata keken, kuma da ɗinkinta aka yi mana rabin karatunmu. Asabar ɗin farko da Baba ya koma shago, da kansa ya auno mudun shinkafa ya kai ɗakin nan na bayan rumfuna. Hajiya Ladi ta ce masa ai shi ba ɗan layi ba ne, ya ce yanzu ya zama.

Yau ni ke koyarwa a wata firamare, kuma tsadar abinci ta kai inda ko a mafarki Umma ba ta zata ba. Lokacin tara nakan tsaya a baranda in duba, ba na rasa yaro ɗaya ko biyu da ke zagaye bayan azuzuwa su kaɗai, in kira su in aike su wani aiken da bai zama dole ba don in sami dalilin miƙa musu wani abu. Ana rabon abinci yanzu fiye da da, sai dai yawanci da hoton mai bayarwa a jikin buhu, a jera mata a rana, a ɗaga waya ana ɗaukarsu suna godiya. Ba na cewa kada a bayar, wanda ya san yunwa ba zai faɗi haka ba. Amma kwanaki na shiga kasuwa na nemi layin nan, na tarar rabinsa ya koma na masu sayar da caja da murfin waya. Hajiya Ladi ta daɗe da rasuwa. Maman Ngozi, da tsufa ya kama ta, 'ya'yanta sun mayar da ita garin iyayenta can kudu, garin da ita kanta baƙuwa ce a cikinsa. Na tambayi wata matashiya mai sayar da wake ko har yanzu ana zuba mudun Asabar, ta ce ta taɓa jin kakarta tana ba da labari. Na tsaya a wurin na ɗan lokaci, masu kura suna ta cewa in ba su hanya. Har yau ban san sunayen yawancin matan da suka ciyar da mu ba.